Sunan da Ya Maƙale

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau aka koma lakwal, na koma koyarwa, yau kuma maigidana ya kira da labarin. Ina bisa kabu-kabu daga Gaffati, alli har a girata, waya ta hau ruri cikin jaka. Na sa mai babur ya tsaya a inuwar wata bishiyar bedi.

Ya ce mutanen Kanada sun duba dosiyenmu, na neman takardar zama ta dindindin wadda za ta ba ni dama in je in zauna da shi a matsayin matarsa. Ba su ƙi ba, ba su kuma yarda ba. Suna so su gana da kowannenmu shi kaɗai, ni ta ordinata, wato kwamfuta, daga nan Damagaram, shi a ofishinsu can, don su tabbatar auren gaske ne ba na takarda ba. Sun sa ranar Laraba, ashirin da biyu ga wata. In ba su gamsu ba sai a koma farko, a sake wani jiran na shekaru.

Auren gaske! Ni Raudatu da na shekara uku ina sharar tsakar gidan uwarsa a Birni. Na yi dariya har mai babur ya waigo. Amma dai murna ta fi yawa, ko ba komai wani ya buɗe dosiyen nan ya ga fuskata.

Talata, 7 ga Oktoba, da rana

Ya faɗa mini abin da ya sa suke shakka. A hoton ɗaurin aure maza ne zalla a ƙofar masallaci, babu amarya. To ina amarya za ta je? Ina ƙuryar ɗaki a Hamdara cikin lulluɓi, ƙawaye suna ta tsokanata. A hoton da muke tare kuwa, tsakanina da shi akuya za ta wuce da ƴaƴanta.

Sai saƙonninmu na waya da muka buga muka aika musu. Wai babu kalmar so ko guda, babu ma sunansa. Na zauna na sake karantawa. Ya aiki? Ya sanyi? Ka ci abinci? Inna na gaishe ka. Ni dai so na gani tun daga sama har ƙasa. Wa zai shekara uku yana tambayar mutum kullum ko ya ci abinci in ba sonsa yake ba?

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan Magariba

Zuliha, ƙanwarsa, ta ce dole a gwada ni tun kafin ranar. Ta kife turmi ta zauna, ta ɗauko tabaran Inna ta ɗora a karan hanci, ta riƙa Faransanci ta hanci. Ranar haihuwarsa? Na faɗa. Aikinsa? Gyaran kuran, shi yana can yana gyara wa mutane wuta, mu nan muna firfita da faifai. Garin da yake? Na faɗa har da lambar gida.

Ta ce, "Madam, mene ne sunan mijinki?"

Na buɗe baki. Na rufe.

"Madam, ba mu ji ba, rezon waya ya yanke ne?"

Na ce, "Zuliha, bar wasan banza, ai yana cikin dosiye."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wallahi Anti shi za su fara tambaya. Ke da kike koya wa yara harshen nasara, gaɓa uku ta gagare ki?"

Ta gagare ni. Ban taɓa faɗarsa ba, ko sau ɗaya, tun ranar da aka kai goro gidanmu. Hannuna ya rubuta shi a takardu ba adadi, hannu ba ruwansa da kunya. Harshe ne ya ƙi. Kuma a gidan nan kaf babu mai faɗa. Inna Kellu ɗanta ne na fari, "yaron nan" take cewa. Ita kanta Zuliha sarkin bakin, Yaya take ce masa. Na ce to ta faɗa mu ji, ta ce ita ba ita ke neman biza ba.

Mun yi dariya har Inna ta leƙo ta karɓi tabaranta.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da safe

Na tsaya gaban madubi. Na ji kunyar madubin.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Zuliha ta zo da dabara. Ta sayo alkaki a Kasuwar Dole, ta ajiye farantin gabana.

"Mene ne wannan?"

"Alkaki."

"Madalla. Cire ki ɗin, ki sa sum."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce in yi ta maimaita alkaki har bakina ya saba da hanyar, in ya zo kwana sai in karya. Duk wanda na faɗa sau goma sai ta ba ni guda in ci. Alkaki, alkaki, alkaki, alka… nan nake cijewa. Farantin ya ƙare, sunan bai fita ba.

Inna tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Yaran zamani. A lokacinmu ko abin da ya yi kama da sunan ba a faɗa." Zuliha ta ce, "To Inna, me kike ce wa alkama?" Inna ta jefe ta da muciya.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan Azahar

Ya kira da ya tashi barci, safiyarsu azaharmu ce. Zuliha ta riga ta kai masa rahoto, don haka tun daga sallama nake jin dariya a muryarsa. Ya ce, "Na ji ana wahala da ni a gida. Ki gwada a kaina mana, ba kowa a nan." Na ce abincina na ƙonewa. Ya ce ai yau Zuliha ke girki. Na kashe wayar.

Ina kewarsa. Na rubuta a nan tunda ba a saƙo ba ne.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Na je Zango wurin Garba mai sibar, shagon intanet, na kama ɗakin ciki don ranar. Yana da ordinata mai ido, yana da gurup, injin wuta, ko da an ɗauke kuran. Tsakanin ɗakin da shago labule ne kawai, amma ya ce zai kori kowa. Shi abokinsa ne tun lakwal, sai jefa sunan yake a cikin magana kamar gyaɗa, ni kuwa duk jifa sai na dubi takalmina.

Asabar, 18 ga Oktoba, da sassafe

Na faɗa!

Inna ta tafi gaisuwa, Zuliha na wanka. Na je ɗibar ruwa, randa ta yi ƙasa, na cusa kaina ciki da moɗa. Duhu, sanyi, ba mai ganina. Sai kawai na faɗa. Randar ta maimaita mini da wata babbar murya. Na sake, ta sake. Na fito fuskata zafi rau, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wadda ta tsinci kaza.

Suna ne mai daɗi a baki, ashe. Ban sani ba.

Yini guda ban iya shan ruwan randar nan ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan La'asar

Na faɗa a aji bayan yara sun tashi. Na faɗa a bakin gonar gero kafin babur ya zo. Ɗazu na faɗa a gaban Zuliha, idona a rufe. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka aiko ko haihuwa aka yi.

Yanzu na shirya. Na san launin ƙofarsa, na san sunan mai gidan aikinsa, na san ba ya cin kuɓewa. Su zo.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan Magariba

Na goge atamfar da ya kawo mini zuwansa na bara. Inna ta ce gobe za ta raka ni. Na ce kada ta wahala da rana. Ta ce, "Ƴar mutane za ta shiga gaban hukuma, in zauna gida ina taunar goro?" Na ji daɗi har raina.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

An yi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Ba a ɗauke kuran ba. Rezo bai yanke ba. Garba ya kori kowa. Babu wanda zan ɗora wa.

Alhamis, bayan Azahar

Ya kira, ban ɗaga ba. Na rubuta masa ina aji. Ya rubuto nasa ya tafi lafiya lau, tambayoyi ne ƴan ƙanana. Na rubuta alhamdu lillahi. Ka ci abinci?

Juma'a, 24 ga Oktoba, da rana

Na ba yara dikte, wato shifta, na manta ina karantawa, suka zauna da alƙaluma a sama suna kallona. Zuliha tana bi na da ido a gida, ba ta tambaya ba. Inna ba ta fito tsakar gida ba sai don alwala. Ta ce kanta ke ciwo.

Kada wanda ya sake kawo abin nan mai zuma gidan nan.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

To, bari in rubuta, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Madam ɗin da ta yi mini tambayoyin ba ta da laifi. Dattijuwa ce mai furfura, ta gaishe ni da fara'a, ta ce in juya ordinata ta ga ba kowa a ɗakin. Ba kowa. Inna tana bayan labule a kan benci, ba a ganinta. Amma ni ina jin ƙarar carbinta, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙasan labulen kuma ina hango yatsun ƙafarta da lalle.

Madam ta tambayi sunana, na faɗa. Ta ce, "Sunan mijinki fa?"

Carbin ya tsaya.

Na faɗa a randa, na faɗa a gona, na faɗa gaban Zuliha. Ban taɓa tunanin zan faɗa a kunnen wadda ta haife shi ba, ita da ta fi shekara talatin tana kewaye sunan nan. Na ɗauko numfashi, na kamo hanya kamar yadda aka koya mini, na zo kwana, bakina ya miƙe.

Na ce, "Alkaki."

Da ƙarfi kuwa, tiryan-tiryan, irin muryar da nake kiran suna a aji.

Madam ta dubi takardarta, ta dube ni. Ta ce in maimaita. Na kasa. Na rufe fuska da gyale, ni da aka ce kada in kuskura in kauce wa idon ordinata. Da na samu kaina sai na yi mata bayani da duk Faransancin da Allah ya hore mini: cewa a wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, girmamawa ce, cewa zan iya rubuta mata shi yanzu, cewa abin da na faɗa sunan wani kayan zaƙi ne na alkama da zuma. Ban ce mata uwarsa na bayan labule ba, kada ta ce na karya doka. Na rubuta sunan a takarda na ɗaga mata.

Ba ta yi dariya ba, ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "To in kina son magana da shi, yaya kike kiransa?"

Ban taɓa lura ba sai da ta tambaya. Na ce, "Ba na kiransa. Ina cewa wai, sai ya waigo."

Ta ce mene ne ma'anarsa. Na ce ba shi da wata ma'ana, kalma ce ta buɗe magana. Ta sa na jera mata haruffan, ta rubuta. Daga nan ta shiga wasu tambayoyin, har da wane gefen gado yake kwana. Na amsa da murya ƙasa-ƙasa, carbi yana ta gudu a bayan labule. Ta yi godiya, ta ce za mu ji daga gare su.

Mace ta zo tabbatar da aurenta ta kira mijinta alkaki. Ko ni ce madam ɗin, me zan rubuta?

Talata, 28 ga Oktoba, bayan La'asar

Inna ta kira ni ɗakinta. Tun ranar ba mu haɗa ido ba, na ɗauka fushi take da abin da kunnenta ya ji na zancen gado. Na durƙusa bakin ƙofa. Ta ce in shigo in zauna kan tabarma.

Ta ce, "Wushe, ƴar nan. Wushe da ƙoƙari." Sannu ke nan; in abu ya taɓa ta, harshen iyayenta Barebari ke fara zuwa. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce, "Ni na ɓata miki. Da na zauna gida da kin faɗa. Na ji ki ranar Litinin ta taga, kin faɗa daidai."

Na ce, "Inna, kin ji?"

"Har na randa na ji, ina zaure ban kai ga fita ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Ita kuma idonta ya cika. Ta ce in yaron nan ya sake shekaru shi kaɗai cikin sanyin nan saboda ƙafarta, ba za ta yafe wa kanta ba. Na ce ba ƙafarta ba ce, bakina ne. Muka yi ta jayayya, kowa na jan laifin wajensa, har ta ce, "To naki ne, riƙe abinki." Sai ta kawar da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka ne.

Ta ce, "Alkaki," ta fashe da dariya har da tari.

Shekara uku ban taɓa ganin dasashin Inna ba sai yau. Muka yi ta yi har Zuliha ta shigo da gudu, ta tarar da mu muna share hawaye. Dole aka faɗa mata, wato an faɗa wa duniya.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan Azahar

Saƙon murya ya turo. Babu magana a ciki, dariya ce zalla, ya tsaya ya ja numfashi ya ci gaba. A ƙarshe ya ce, "Ba komai. Ko sun ƙi, mu sake. Ai gara da ba ki ce kuɓewa ba."

Na saurara sau da yawa. Ba zan faɗi ko nawa ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Garba ya gan ni a hanya ya ce, "Madam, ya mai zuma?" Matan layinmu sun ji. Mai kabu-kabu ma ya ji. Ina dariya tare da su, in na shiga ɗaki sai in yi ta duba waya.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Shiru.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Shiru. An aiko mana da sabuwar gyaɗa daga Hamdara, mun yini ɓara. Inna ta ware wani ƙulli ta ɗaure ta ajiye bisa kwaba, ba ta ce na waye ba. Ni ma ban tambaya ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da rana

Duk rurin waya sai in ruga in ɗauka. Yau kamfanin waya ne, suna tallar kiredi, kuɗin kira.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan La'asar



Ya kira ina tsakar gida ina wankin kwanoni. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Sun yarda." Na ce me? Ya ce, "Sun yarda da auren. Saura likita da fasfo. Ki fara neman rigar sanyi."

Na zauna daɓas cikin ruwan wanke-wanke. Zuliha ta ga fuskata ta saki guɗa, Inna ta fito ba ɗankwali tana alhamdu lillahi, tana kama kaina tana saki. Maƙwabta suka cika gida. Sai da na shige ɗaki na turo ƙofa sannan na ji ashe yana kan layi.

Na ce, "Amma ta yaya? Bayan abin da na yi?"

Ya ce shi ma bai sani ba, ba su faɗi dalili ba. Ya ce dattijuwar nan ce dai ta gana da shi bayan ta gama da ni, kuma duk tambayoyinta masu sauƙi ne. Guda ɗaya ce ta ba shi mamaki, har ya manta bai faɗa mini ba. Wai yaya matarsa take kiransa.

Ban taɓa gaya wa kowa ni ma ta yi mini wannan tambayar ba, labarina kullum a alkaki yake tsayawa.

"Ka ce mata me?"

"Na ce ba ki kirana. Na ce kina cewa wai, ni kuma in waigo. Ta sa na jera mata haruffan, ta dubi takardarta, ta cire tabarau ta yi ta murmushi. Na ɗauka Hausar ce ta ba ta dariya."

Na ce, "Ashe ka lura."

"Ni da ake kira?" Muryarsa ta sauka. "Kin san mutanen nan in za su ce i da Faransanci, ba sa faɗarsa irin na lakwal. Wani abu suke cewa kamar wai. A bas, a kanti, a wurin aiki, mace ta faɗa a bayana sai na waiga. Abokan aikina har sun saba, suna cewa wa kake nema. Shekara uku ke nan, na san ba ke ba ce, amma wuyana bai sani ba."

A waje Zuliha ta samo tasa tana kiɗa, mata suna kiran in fito.

Na ce, "Wai…"

Ya ce, "Na'am."

Na ce ya ci gaba da waigawa, ya kusa ya tarar da ni.